Shela Kafin Harbi: Tarihin 'Yan Sandan Kwantar da Tarzoma a Nijeriya da Matsayin Harshe a Aikinsu

1.0 Gabatarwa

A manyan harsunan Nijeriya, sunan da jama'a suka laƙaba wa ma'aikacin tsaron da Turawa suka zo da shi, daga abin da ido ya gani a hannunsa ko a jikinsa ya samo asali. Bahaushe ya ce ɗan sanda. Bayarabe ya ce olopa, wato mai sanda. Ibo kuwa suka ce onye uwe ojii, mai baƙaƙen tufafi. A ƙasar Gana ma, a zamanin da ake kiranta Gwalkwas, akwai wani rukuni na 'yan sandan rakiya da mutane suka riƙa kira buga-buga, kalmar da ba ta bukatar fassara ga duk mai jin Hausa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da ya tuna da bakin ɗan sanda, ko abin da yake faɗa kafin ya ɗaga sandar.

Rundunar da wannan maƙala za ta duba tana da suna uku. Gidajen rediyo da jaridun Hausa suna kiranta 'yan sandan kwantar da tarzoma. A bakin mutanen gari 'yan mobal ne, ko mofol, daga sunanta na Ingilishi da yake nuna runduna ce ta tafi-da-gidanka. A Turancin kasuwa na Kudu kuwa kill-and-go ake ce musu, wato su kashe su wuce abinsu. Suna na farko aikin da doka ta ba su ne, na ƙarshe kuwa shaidar da waɗanda suka gamu da su suka bayar. Za a bi tarihin rundunar da ayyukanta da irin horon da ake ba ta, domin a nuna wani abu guda wanda ya shafi masana harshe kai tsaye. Abin kuwa shi ne, doka ta sanya magana ta zama sharaɗin amfani da ƙarfi a kan taron jama'a, alhali tsarin da aka gada tun ƙarni na 19 shi ne a tura wa taron mutanen da ba su jin harshensa.

2.0 Baƙo a Kan Baƙo

Kamar yadda Tamuno (1970) ya bi diddigi a littafinsa na tarihin 'yan sandan Nijeriya, tushen rundunar yana Ikko, inda a 1861, shekarar da Ingila ta karɓi garin, aka tara mutum 30 su zama masu gadin wakilin Sarauniya. A 1863 Laftanal John Glover ya faɗaɗa abin, ya kafa wata runduna mai ɗauke da makamai wadda aka sani da sunan Hausawan Glover. Yawancinsu bayi ne da suka tsere daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarabawa, kuma ba dukkansu ne Hausawa ba a jini. Akwai Nufawa da Barebari da sauran mutanen Arewa, waɗanda Hausa ce ta haɗa su. A 1879 aka sake tsara su da sunan Kwanstabularin Hausa, masu yawan mutum 1,200. Sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, sun kuma shiga yaƙin da aka ci Ijebu a 1892.

Zaɓen waɗannan mutane ba da ka aka yi shi ba. Tsohon bawa wanda ba shi da dangi a Ikko, ba ya kuma jin kunyar idon kowa a cikinta, shi ne wanda za a umarta ya bugi ɗan gari ya buga. Rashin harshe ɗaya tsakaninsa da jama'a yana daga cikin abin da ya sa ya yi amfani. Wannan dabara ta ɗora baƙo a kan baƙo Ingila ta yi ta a wurare da dama, ta kai Sik daga Indiya zuwa Hon Kon da Malaya, ta kai mutanen Arewa Kudu. A cikin bariki kuwa sai wata irin Hausa ta tsiro, wadda masana suke kira Barikanci, mai sauƙin nahawu, wadda Bature da kurtu Batibi ko Bazabarme suke fahimtar juna da ita. Daga wannan zama ne Hausa ta sami kalmomi irin su kurtu da kofur da saje da samanja da sufeto da fareti da ankwa. Abin lura shi ne, harshe ne na ba da umarni daga sama zuwa ƙasa a cikin runduna. Ba a gina shi domin magana da wanda yake wajen bariki ba.

A Arewa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Turawa sun tarar da dogarai, suka bar su a hannun sarakuna, daga baya a shekarun 1920 aka fito da 'yan gadi da 'yan doka na En'e. Dogari ɗan gari ne, an san sunansa da gidan ubansa, kuma makaminsa na farko muryarsa ce, idan ya ɗaga ta ya ce hattara. Sai dai kada a ɗauka cewa jin harshe ɗaya shi kaɗai yana kawo adalci. 'Yan jam'iyyar NEPU da suka sha bulala da ɗauri a shekarun 1950, da Hausa tsantsa aka zage su, da Hausa kuma aka yanke musu hukunci. A ranar 1 ga Afrilu 1930 aka haɗe 'yan sandan gwamnati na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya mai hedikwata a Ikko, 'yan doka kuwa suka ci gaba da aikinsu a gefe, har bayan juyin mulkin 1966 da aka soma rushe su, aka kammala shigar da su cikin 'yan sandan tarayya a farkon shekarun 1970.

3.0 Matsayin Shela a Doka da Abin da ya Faru a Kwarin Iba

Dokar tarzoma ta Ingila ta 1714 ita ce uwa ga dukkan dokokin da za a ambata a nan. Ta tanadi cewa idan mutum 12 ko fiye suka taru suna tayar da hankali, sai majistare ya je ya karanta musu shela da sunan Sarki, ya ba su sa'a ɗaya su watse. Wanda ya ƙi bayan haka, jininsa yana kansa. Nijeriya ta gaji wannan tsari da ɗan sauyi. Kundin laifuffuka na Kudu, a sashe na 72, ya ba majistare, ko babban jami'in 'yan sanda, ko hafsan soja, ikon yin shela da sunan ƙasa, a cikin kowace siga da ya ga ta dace, ya umarci masu tarzoma su watse cikin lumana. Sashe na 73 kuwa ya ce idan lokaci mai ma'ana ya wuce bayan shelar ba su watse ba, to ana iya amfani da ƙarfi, kuma ba za a kama wanda ya yi hakan da laifin rauni ko kisa ba. Dokokin Arewa na 1960, waɗanda aka kwaikwayo daga Sudan da Indiya, su ma sun jera matakan haka: umarnin watsewa tukuna, sa'an nan ƙarfin 'yan sanda, sa'an nan soja.

Ke nan, shela ita ce mabuɗin da yake buɗe ƙofar bindiga. Amma dokar ba ta faɗi harshen da za a yi ta da shi ba, ba ta kuma sharɗanta cewa sai taron ya fahimta ba. Ko a kan adadin mutanen da suke zama haramtaccen taro ma ba a daidaita ba, domin kundin Kudu ya ce mutum 3, kundin Final Kot na Arewa ya ce 5, tsohon umarnin runduna mai lamba 237, wanda ya tsara yadda ɗan sanda zai yi harbi, shi kuma ya riƙe 12 ɗin nan na Ingila.

Atisayen tarzoma da Ingila ta koyar a ƙasashen da ta mallaka an gina shi ne a kan waɗannan matakai. Runduna takan tsaya a jere, masu kulki da garkuwa a gaba, masu harba barkonon tsohuwa a bayansu, masu bindiga can ƙarshe, kwamanda a tsakiya. Kusa da shi akwai mai busa begila domin jawo hankalin taro, da masu riƙe da tutar da aka rubuta gargaɗi a jikinta, da magatakarda mai rubuta lokacin da aka ba da kowane umarni. Babu mai harbi sai wanda kwamanda ya kira, ya nuna masa wanda zai harba, ya faɗi yawan harsashi. A Hon Kon, inda aka kafa irin wannan runduna a 1958, al'adar tutar gargaɗi ta ɗore, har duniya ta gan ta a zanga-zangar 2019, rubuce da Sinanci da Ingilishi. A takarda, tsari ne mai tsauri amma mai lissafi. A fili kuwa, ya dogara ne ga kwamanda ya iya karanta taron da yake gabansa, taron kuma ya ji abin da kwamanda yake faɗa.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne mahaƙar kwal ta Kwarin Iba a Inugu, ranar 18 ga Nuwamba 1949. Ma'aikata sun shiga yajin jan ƙafa a kan haƙƙoƙinsu, abin da shugabanninsu suka fassara musu da Ibo da cewa welu nwayo, wato a bi a hankali, daga baya suka zauna daɓas a cikin mahaƙar don kada a kore su a ɗauki wasu. Hukuma ta ji tsoron kada nakiyoyin fasa dutse su faɗa hannun 'yan siyasa, sai ta tura 'yan sanda, da yawansu an ɗebo su daga Arewa, su kwashe su. Ma'aikatan suka taru, sun ɗaura jajayen ƙyallaye a hulunansu, suna waƙa suna taka rawa domin ƙarfafa wa juna zuciya. Babban jami'in da ya jagoranci 'yan sandan, wani Bature mai suna F. S. Philip, ya ɗauki waƙar da rawar a matsayin shirin afkawa, ya sa aka buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Kwamitin bincike na Fitzgerald ya ce jami'in ya yi kuskuren hukunci. Kalma ce mai sauƙi ƙwarai ga abin da ya faru, amma ta faɗi gaskiya ta wata fuska: mutum ne ya kalli alama ya ba ta ma'anar da ba tata ba, kuma tsarin rundunar bai tanadar masa wanda zai gyara masa fassara kafin ya ba da umarni ba.

4.0 Kafa Rundunar, Ayyukanta da Horonta

Tarzomar Kano ta Mayu 1953, wadda hukuma ta ce mutum 36 sun mutu a cikinta, da ƙone-ƙonen ƙasar Tibi na 1960 da mutanen can suke kira nande-nande, da rikicin Jihar Yamma wanda ya kai ga dokar ta-ɓaci a Mayu 1962, su ne suka nuna wa sabuwar gwamnatin tarayya cewa ɗan sandan caji ofis ba zai iya da babban taro ba, kiran soja kuwa a kowane lokaci yana da hatsarinsa. Saboda haka a farkon shekarun 1960 aka kafa runduna ta musamman a ƙarƙashin Sufeto Janar kai tsaye, wadda za a iya ɗauka a kai kowane sashe na ƙasa cikin gaggawa. Ba ta daɗe ba ta sami aiki: ƙasar Tibi a 1964, inda duk da haka sai da soja suka shiga, da Jihar Yamma bayan zaɓen 1965.

Ayyukan da aka tsara mata ba su da yawa. Na farko, tarwatsa tarzomar da ta fi ƙarfin 'yan sandan yanki. Na biyu, kai ɗauki a wurin rikicin ƙabilanci ko na addini ko na iyakar gona, da zama a wurin har ƙura ta lafa. Na uku, tsaron muhimman wuraren gwamnati a lokacin tashin hankali, da taimakawa wajen farautar 'yan fashin da suka yi ƙungiya. An raba ta sikwadiron-sikwadiron, kowace da lambarta da barikinta, kowace kuma ta kasu zuwa ƙananan rukunoni na mutum 63. Ƙa'idar ita ce rukuni yana tafiya tare, ya yi aiki tare a ƙarƙashin kwamanda ɗaya, ya koma bariki tare. Ɗan mobal guda ɗaya tilo a bakin titi, bisa asalin tsarin, abu ne marar ma'ana, kamar a ce an cire haƙori ɗaya daga mataji an ce ya taje kai.

Ba a ɗaukar mutum daga gida kai tsaye zuwa wannan runduna. Daga cikin 'yan sandan da suka riga suka yi makarantar horo suka soma aiki ake zaɓe, a duba ƙarfin jiki da shekaru, a tura mutum kwas, ya yi wasu shekaru ƙayyadaddu, sa'an nan a mayar da shi aikin yau da kullum. Makarantar da ta fi suna ita ce ta Limankara kusa da Gwoza a Jihar Borno, a gindin duwatsun Mandara. Akwai kuma ta Ila-Orangun a Jihar Oshun, daga baya aka buɗe ta tsaunin Ende a Jihar Nasarawa a 2020. Abin da aka san waɗannan makarantu da shi shi ne gudun asuba da hawan dutse da kaya a baya, da juriyar yunwa da ƙishirwa, da kwance bindiga da ɗaura ta, da harbin saiti, da kokawa ba makami, da dabarun kwanton ɓauna da kuɓuta daga gare shi, da atisayen tarzoma irin wanda aka bayyana a sama. Horo ne da ya fi kusa da na sojan ƙasa. Yana gina jiki da biyayya da zumuncin rukuni, kuma babu mai musun ana bukatar waɗannan ga mutumin da za a ce ya tsaya cik ana jifansa da duwatsu. Amma mutumin da aka shafe makonni ana koya masa cewa duk abin da ya motsa a bayan dutse abokin gaba ne, shi ne kuma za a ajiye gobe a gaban 'yan kasuwa ko ɗalibai, a garin da bai taɓa zuwa ba, a ce ya bambance kukan koke da kukan yaƙi.

Tsohon umarni mai lamba 237 ya ƙara wa abin nauyi. Ya hana harbin gargaɗi a sama, ya ce a saiti gwiwoyin masu tarzoma, a kuma ware jagororin da suke gaba a harbe su. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kisan gilla, Philip Alston, wanda ya ziyarci Nijeriya a 2005, ya soki wannan umarni da kakkausar murya, amma sai a Oktoba 2019 aka fito da sabon da ya maye gurbinsa. Tsarin mulkin 1999 kansa, a sashe na 33, ya cire kisan da aka yi domin murƙushe tarzoma daga cikin abin da ake kira tauye haƙƙin rayuwa, muddin ƙarfin bai wuce abin da doka ta yarda ba.

5.0 Daga Bakolori Zuwa Umuechem

Shekara 10 da suka fara daga 1980 su ne suka tabbatar wa rundunar sunanta na uku. A ƙarshen Afrilu 1980 aka tura ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda manoman da aikin madatsar ruwa ya cinye gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya. Hukuma ta ce mutum 25 suka mutu; masu bincike masu zaman kansu sun kai adadin sama da 380. A nan ba za a ce rashin tafinta ne ya jawo ba, domin manoman sun daɗe suna magana, da Hausar da duk mahukuntan Sakkwato suke ji. Abin da ya faru shi ne an mai da rundunar amsar da ake bayarwa idan an gaji da sauraro. Haka aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ranar 23 ga Mayu 1986, inda hukuma ta amsa mutuwar mutum 4, ɗalibai kuwa suka ce sun fi haka. Haka kuma a Umuechem ta ƙasar Etche a Jihar Ribas, inda mutanen ƙauye suka yi zanga-zanga a kan kamfanin mai na Shell a ƙarshen Oktoba 1990, kamfanin ya nemi a turo 'yan mobal, aka wayi gari an kashe kimanin mutum 80, an lalata gidaje 495. Kwamitin shari'a da ya binciki lamarin bai sami wata shaida ta cewa mutanen ƙauyen sun yi shirin kai hari ba.

Rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano ya nuna ɗaya gefen raunin. Atisayen tarzoma an gina shi ne a kan zaton cewa taro yana tsoron hayaƙi da ƙarar bindiga. Almajiran Muhammadu Marwa ba su ji wannan tsoro ba. A filin Shahuci ranar 18 ga wata suka afka wa 'yan sanda da wuƙaƙe da adduna da kibau, suka kashe wasu, suka ƙwace makamai. Sai da soja suka shiga unguwar 'Yan Awaki kafin abin ya ƙare, kuma kwamitin Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Darasin da gwamnati ta ɗauka daga nan shi ne a ƙara makami. A zamanin Sufeto Janar Sunday Adewusi, daga 1981 zuwa 1983, aka sayo wa rundunar motoci masu sulke, aka baza ta a zaɓen 1983, abin da ya sa sojojin da suka yi juyin mulki a ƙarshen shekarar suka yi maza suka karɓe motocin.

6.0 Warwatsewar Aiki

Daga nan sai rundunar ta shiga wani hali mai ban mamaki: ana ƙara yawanta, aikinta na asali yana raguwa. Aka ga 'yan mobal bibbiyu ko ɗaiɗai a shingayen hanya, da ƙofar banki, da bayan motar attajiri, wani ma riƙe da jakar uwargida a kasuwa. A 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda, Mike Okiro, ya ce 'yan sanda kimanin 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Sufetoci Janar da dama sun ba da umarnin a janye su, an yi haka a 2023, an sake a 2025, kuma yawan maimaita umarnin shi kansa shaida ne a kan yadda ake bin sa. Rukunin da aka warwatsa ba ya atisaye tare, ba shi da kwamanda a kusa, ba shi da begila balle magatakarda. Abin da ya rage a hannun ɗan mobal daga cikin dukkan matakan nan shi ne na ƙarshe.

A ɗaya ɓangaren kuma an jefa su cikin yaƙin da ba nasu ba, sun kuma biya da rayukansu. A Mayu 2013 aka yi wa ayarin jami'an tsaro kwanton ɓauna a Alakyo ta Jihar Nasarawa, aka kashe fiye da 60, galibinsu 'yan mobal. A Agusta 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye makarantar Limankara kanta, hukumar 'yan sanda ta ce jami'anta 35 sun ɓace.

A Oktoba 2020, bayan zanga-zangar matasa ta tilasta rushe rundunar yaƙi da fashi ta SARS ranar 11 ga wata, kwana 2 kacal aka yi aka sanar da sabuwar runduna mai suna SWAT. Sunan aro ne daga Amurka, inda 'yan sandan Los Anjelis suka shahara da irinta tun ƙarshen shekarun 1960, domin aikin da ya shafi 'yan bindiga da suka yi garkuwa da mutane ko suka kafa tunga a cikin gini. An ce sabuwar rundunar ba za ta yi sintiri ba, ba za ta binciki wayoyin mutane ba, sai an sami bayanan sirri za ta fita, kuma an ambaci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya cikin masu koyar da dokokin kare haƙƙin ɗan Adam. Amma wuraren da aka kai su horo sun haɗa da makarantun 'yan mobal na Ila-Orangun da Ende. An sauya suna, ƙwaryar da aka dama furar kuwa ita ce ta jiya.

7.0 Abin da ya Shafi Masana Harshe

Tsarin mulkin 1999 ya kula da harshe a wurare biyu da suka shafi ɗan sanda. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili cikin sa'a 24 da harshen da yake ji, sashe na 36 kuma ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta a kotu. Wato mutum yana da haƙƙin harshensa bayan an kama shi, amma babu irin wannan tanadi a fili ga wanda yake tsaye a cikin taro ana shirin harba masa barkonon tsohuwa ko harsashi. Ta fuskar 'yancin taro an sami ci gaba: tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a Satumba 2003 ya jawo shari'ar da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007, cewa ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ɗora musu nauyin ba masu jerin gwano kariya. Siga da harshen shela dai suna nan yadda aka bar su, a hannun jami'in da yake wurin.

Ko da an ce a fassara, aikin ba ƙarami ba ne. Hausa tana da zanga-zanga da gangami da hatsaniya da yamutsi da hargitsi da tarzoma da bore da tawaye, kowace da nauyinta, kuma ɗan jaridar da ya kira zanga-zanga tarzoma ya riga ya yanke wa mutane hukunci tun kafin alƙali ya zauna. Kalmar umarnin ita kanta abin dubawa ce. Ku watse magana ce da ake yi wa yara ko 'yan kallo. Idan saurayi mai kaki ya faɗa wa dattawan gari ita a gaban 'ya'yansu, ya zuba wa wuta mai ne. Ku koma gida, ko a tashi haka nan, da sunan hukuma kuma bayan sallama, suna isar da umarnin doka ba tare da cin fuska ba. Tsohuwar yekuwa ta garuruwan Hausa ta san wannan, domin mai shela yakan fara da ambaton wanda ya aiko shi da gaisuwarsa ga jama'a, kafin ya faɗi abin da aka hana. Kowane harshe yana da irin wannan ma'auni nasa, wanda ba a koyonsa a kwas na 'yan makonni.

A Nuwamba 2017 rundunar sojan ƙasa ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Ibo da Yarabanci cikin shekara guda. Jami'an mulkin mallaka ma sai da suka ci jarrabawar harshe ake tabbatar da su a aiki. Sai dai manyan harsuna uku ba su rufe taswirar wuraren da aka ambata a wannan maƙala ba. Gboko da Tibi take magana, Alakyo da Eggon, Umuechem da Etche. A kewayen makarantar Limankara kaɗai, a kan duwatsun da 'yan mobal suka yi shekaru suna hawa da kaya a baya, ana magana da Glavda da Guduf da Dghweɗe da Lamang da Wandala, ban da Hausa da Barbarci da Fulatanci da ake ciniki da su a kasuwar Gwoza.